LUKS

LUKS (suna, namiji, ana furta shi lukus). Tsarin kulle faifan ajiyar kwamfuta a Linux, wanda ke rikita duk abin da aka rubuta a kansa ta yadda ba mai iya karantawa sai da kalmar sirri. Clemens Fruhwirth ne ya ƙirƙiro shi a 2004, kuma da manhajar cryptsetup ake sarrafa shi.

Iri biyu ne. LUKS1 yana da gurbin makulli 8, LUKS2 kuwa, wanda ya zo a 2017, yana ɗaukar har 32. Makullan duk suna zaune ne a goshin ɓangaren faifan. In wurin nan ya lalace ba a yi masa kwafi ba, bayanan sun tafi ke nan, ko da kalmar sirrin tana hannu.

Ya fi ba da ciwon kai wajen girka sabon tsarin aiki, musamman ga wanda ya raba faifansa da hannu. Ɓangaren EFI ba a kulle shi, a FAT32 ake barinsa. Wanda ya cusa /boot cikin LUKS2 mai sarrafa kalmar sirri da Argon2 ya jawo wa kansa in da GRUB 2.06 yake tayar da kwamfutar, domin wannan GRUB ɗin PBKDF2 kaɗai ya sani, bai san Argon2 ba. Wani lokaci manhajar girkawa kan ƙame a tsakiyar aiki idan ta tarar da ɓangaren a buɗe; sai a rufe shi da cryptsetup close, a sake gwadawa. In kuma an gama, kwamfutar ta maƙale a baƙin allon initramfs, a fara duba /etc/crypttab, sau da yawa lambar UUID ce ba a saka daidai ba.

Misali: Ka ajiye kwafin goshin LUKS kafin ka taɓa faifan nan.