Asalin Darasin da Ake Bi a Aji da Kuma Daga Gida

Tun kafin korona ta ɓulla, akwai malaman da suka fara haɗa aji da intanet. Wajen 2006, Brian Beatty na Jami'ar Jihar San Francisco a Amurka ya fito da tsarin da ya sa wa suna HyFlex. Darasi ɗaya ne, amma zaɓi na hannun ɗalibi: ya zo aji, ya shiga kai tsaye daga gida, ko ya bi darasin daga baya. Ɗalibansa masu digiri na biyu ne, da yawansu ma'aikata.

Abin da ya fi jan hankalina kuwa a Landan ya faru. A 2015, Clive Young da Nataša Perović na jami'ar UCL suka ƙirƙiro wani zama na minti 90 mai suna ABC. Malaman kwas ɗaya sukan kewaye tebur, kowa riƙe da katuna, su shimfiɗa zangon karatu mako-mako. Katunan na ɗauke da hanyoyin koyo shida da Farfesa Diana Laurillard ta fayyace: sauraro da karatu, bincike, muhawara, gwaji, aikin haɗin gwiwa, da samar da wani abu na kanka. Da an jera su, sai a ga kwas ɗin da lacca ta cinye kakaf. Ba ƙaramin sauyi ba ne wannan, domin a al'adar jami'a malami da kwas ɗinsa sai Allah, ba mai leƙa masa.

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya. Aka rufe azuzuwa, aka kwashe laccoci aka zuba a Zoom cikin gaggawa. A watan Mayu, Jami'ar Kambirij ta sanar cewa manyan laccoci za su tsaya a intanet har bazarar 2021, ƙananan rukunoni kuma su haɗu ido da ido idan an ba da tazara.

Nan fa aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Wa zai tantance abin da dole sai a ɗakin gwaje-gwaje? Wa zai kula da tambayar ɗalibar da ke gida yayin da malami ya juya ga allo? Dole malami ya zauna da ma'aikacin laburare da masanin na'ura, wani lokaci har da ɗalibai. Zaman ABC ɗin ma ya koma intanet, allon kwamfuta ya maye gurbin tebur da katuna.