Ibro na Ɗanlasan da Sana'ar Kwaikwayo a Gabashin Kano

Ƙasar Gaya tsohuwa ce a tarihin Hausa. Masu ba da labarin da sun ce daga can ne maƙeran nan da ake kira Abagayawa suka taso neman tama, har suka sauka gindin Dutsen Dala, tun Kano ba ta zama birni ba. Amma ban da ƙira da noma, akwai wani abu da ya daɗe a ƙauyukan Gaya da Ajingi, kamar sauran ƙasar Hausa, wanda ba a cika sa shi cikin lissafin sana'o'i ba, watau kwaikwayo. A maƙwabtan ƙasashen nan biyu kuwa aka haifi wanda ya fi kowa suna wajen wasan ban dariya a zamaninsa, Rabilu Musa, wanda aka fi sani da Ibro, mutumin Ɗanlasan ta ƙasar Warawa, kusa da Wudil.

Tun ba a san majigi ba, Bahaushe yana da wasanninsa. In azumi ya kwana goma yara su fito tashe, wannan ya sa gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya cusa tsumma a riga ya zama mai ƙaton ciki. In an kawar da amfanin gona samari da 'yan mata su yi kalankuwa, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu, su yi ta shari'ar wasa. Ga kuma 'yan kama, masu shiga irin ta malamai, su zauna da natsuwa kamar za su yi wa'azi, alhali kuwa karatun nasu duk a kan tuwo da nama yake.

Wasannin nan suna da ƙa'ida guda da ta riƙe su. Kowa ya san mai wasan, ya san ubansa, ya san kuma lokacin da wasan zai ƙare. Saboda haka wanda aka kwaikwaya ba ya fushi, don ya tabbata gari na wayewa zance ya wuce. Shi kuma mai wasa a dandali idonsa na kan jama'a. Dole ya ɗaga murya yadda na baya zai ji, ya kambama motsinsa yadda za a gani ko da hasken fitila ne. In ya ji dariya ta ɓarke sai ya ja maganar, in ya ga dattijo ya haɗa rai sai ya sauya. 'Yan kallo su ne malamansa, su ne kuma linzaminsa.

Da zamani ya juya, wasa ya shiga makaranta da littafi. Aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau a 1949, da Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi a 1959. Daga nan rediyo da talabijin suka fito da irin su Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi, watau Samanja Mazan Fama. A 1990 kuma ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset na bidiyo, wanda ake lissafawa shi ne farin shigar fina-finan Hausa kasuwa.

To, aikin gaban kyamara ba ɗaya yake da na dandali ba. Kyamara tana matsowa har bakin hancin mutum, ƙiftawar ido ma ba ta wuce ta, don haka abin da ya yi daidai a fili sai ya zama ya yi yawa a akwati. Sa'an nan ba a jere ake ɗaukar labari ba. Ana iya ɗaukar ƙarshe da safe a komo farko da yamma, a sa mutum ya maimaita magana guda sau da yawa, ya kuma faɗe ta kamar yanzu ta zo masa. Mafi wuya duka, babu mai dariya a wurin. Mai ban dariya sai ya auna da kansa inda zai yi shiru ya bar wa wanda ba ya gani filin ƙyaƙyatawa.

A nan ne gwanintar Ibro ta bayyana. An haife shi a 1971, ya yi aikin gandiroba wajen shekara 8, kana ya bar shi ya rungumi wasa. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko halin ɗan kama ya shigar da shi kaset. Ya kan fito a baƙauye mai wayon banza, wanda kullum dabararsa ke komawa kansa. Fina-finan irin nasa, da ake ce wa camama, ba su dogara ga dogon rubutu ba, a kan tsara ƙashin labari ne, maganar kuwa ta fito daga bakin mai wasa nan take. Kome ya shigo gari sai ya kwaikwaye shi. Da kiɗan Awilo Longomba na Kwango ya cika ƙasa aka ga Ibro Awilo, da sunan Usama bin Ladan da na Saddam suka cika bakin mutane aka ga Ibro Usama da Ibro Saddam.

Amma fa kaset ya karya tsohuwar ƙa'idar nan. Wasan tashe da dare yake tafiya, shi kuwa kaset yana nan, yana shiga gidajen da ba su san mai wasan ba, ba su kuma yi alkawarin ɗaukar abin da wasa ba. Dattijon da a da zai haɗa rai a gyara nan take, yanzu ba ya gani sai bayan an sayar da dubbai. Linzamin da ya fita hannun 'yan kallo sai ya koma hannun hukuma. A 2001 Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai. A 2008, zamanin shugabancin Abubakar Rabo Abdulkarim, aka gurfanar da Ibro gaban kotu bisa tuhumar rawar da ba ta dace ba cikin Ibro Aloko, da kuma rashin rajista, aka yanke masa ɗaurin wata 2. Ashe tsohon gandiroba zai kwana a irin ɗakin da ya taɓa tsaro.

Da ya fito bai bar sana'arsa ba, ya ci gaba da ita har ciwo ya kwantar da shi. Ya rasu ran 10 ga Disamba, 2014, aka kai shi Ɗanlasan aka yi masa sutura. Allah ya ji ƙansa.

Matasan Gaya da Ajingi da ke sha'awar wannan hanya sun gaji abu biyu daga labarinsa. Na farko, jarin mai kwaikwayo shi ne lura da mutanen da yake zaune da su, tafiyarsu da karin harshensu. Na biyu, wanda ya tsaya gaban kyamara dole ya riƙe 'yan kallonsa a zuci, masu dariya da masu haɗa rai, tun da ba za su zo su tsawata masa kan lokaci ba.