Daga Duba-gari zuwa Mastas: Ina Ɗaliban Lafiyar Al'umma Suke Zuwa Bayan Digiri?

1/ Zare ne mai tsawo, ku gyara zama. Mu da ke karanta lafiyar al'umma a nan Dutse, tambaya ɗaya ce ke damun mu tun daga aji uku: bayan bautar ƙasa sai ina? Mastas? Aikin gwamnati? Ko ƙungiyoyin waje? Na bi tarihin wannan sana'a a yankinmu, kuma akwai abin da yake ta maimaita kansa.

2/ Mu fara da duba-gari. Zamanin En'e shi ne ma'aikacin lafiyar da talaka ya fi sani. Yana shiga gida ya leƙa randa ko akwai tsutsar sauro, ya duba masai, ya duba mahauta da kwata. In ya ga ƙazanta sai tara. Tambayi kakarka, za ta faɗa maka yadda ake ɓoye tukwane in an ce ga shi nan.

3/ A 1932 aka buɗe Makarantar Koyon Tsafta ta Kano don horar da irinsu. Lokacin Dutse da Ringim da Birnin Kudu duk ƙasar Kano ce. Ba digiri ake bayarwa ba, amma wanda ya fito ya san aikinsa kuma aiki na jiran sa, don En'e ce ta tura shi, ita ce kuma za ta biya shi albashi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

4/ Su kuwa masu tsara abin da duba-gari zai yi, daga waje suke. A Ingila an kafa makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a 1898, ta Landan a 1899, don kare lafiyar ma'aikatan mulkin mallaka da 'yan kasuwarsu. Abin da yau ake kira lafiyar duniya, nan ne ɗaya daga cikin tushensa. Tunani daga can, aikin hannu daga nan.

5/ Yanzu mu zo gida. Akwai wani bincike da duk mai karatun zazzaɓin cizon sauro a duniya sai ya ci karo da shi, kuma a Jigawa aka yi shi. Garki. E, Garkin da ke arewa da Ringim, a masarautar Ringim. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da gwamnatin Najeriya suka yi aiki a can.

6/ Tambayar ita ce: in aka haɗa feshin ɗakuna da raba wa kowa magani, za a iya katse yaɗuwar maleriya a irin ƙasarmu? Aka yi feshi da wani magani mai suna propoxur a ƙauyuka 164. A wasu aka ƙara da raba ƙwayoyi ga kowa da kowa. Ƙauyuka 22 kuma aka sa musu ido, ana ɗibar jinin mutane duk bayan mako 10.

7/ Cutar ta yi ƙasa sosai a inda aka haɗa feshi da magani, amma ba ta yanke ba. Wani ɓangare na sauron ba ya kwana a bangon ɗaki balle feshin ya same shi, a waje yake hutawa. Da aka daina aikin, maleriya ta dawo. A 1980 WHO ta buga littafin binciken, da sunayen Molineaux da Gramiccia.

8/ Daga bayanan Garki aka gina wani lissafi na yadda maleriya ke yaɗuwa, wanda har yau masana ke komawa kansa. Mutane sun yi digirin digirgir da jinin kakanninmu, wallahi ba zolaya ba. Amma su wa suka kwana suna kama sauro? Su wa suka duba jini a na'ura, suka bi gida-gida suna rubuta haihuwa da mutuwa? Yaran yankin nan ne.

9/ Abin lura daga Garki: aikin shiri ne, yana da ranar farawa da ranar rufewa. Da ya rufe, masana suka koma Janeba da jami'o'insu da bayanan. Na gida kuwa abin da ya rage musu shi ne abin da hannunsu ya iya. Wanda ya ƙware a duba jini, asibiti zai neme shi. Wanda aikinsa riƙe jaka ne, shi ke nan.

10/ A 1978 aka yi taron Alma-Ata, aka ce lafiya a matakin farko ita ce hanya. A Najeriya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ɗauki abin da gaske. Aka ɗora kula da ƙananan asibitoci kan ƙananan hukumomi, aka ƙarfafa horar da ma'aikatan lafiyar al'umma, waɗanda muke kira CHEW. A 1992 aka kafa hukumar NPHCDA.

11/ A tsakiyar wannan aka ƙirƙiro Jigawa, ranar 27 ga Agusta 1991. Sabuwar jiha, likitoci ƙalilan, ƙauyuka birjik. Waɗanda suka riƙe ta su ne 'yan makarantar fasahar lafiya ta Jahun da makarantar jinya ta Birnin Kudu. Har yau in ka shiga asibitin ƙauye, da wuya ka ga mai digiri. Mai difloma ne da lasisinsa, shi ne likita, shi ne mai magani.

12/ Sai zamanin shan-inna. A 2003 aka dakatar da rigakafi a Kano saboda zargin an gurɓata shi. Ba daga sama zargin ya faɗo ba: mutane ba su manta gwajin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. An dawo da rigakafin a 2004, amma cutar ta riga ta tsallaka ƙasashe da dama.

13/ Daga nan kuɗi suka kwararo Arewa. WHO, UNICEF, Rotary, gidauniyar Bill Gates. Aka ɗauki dubban mutane: masu ɗiga magani, mata masu wayar da kai gida-gida, masu sa ido, direbobi, masu shigar da bayanai. A nan ne mafarkin da muka taso da shi ya samo asali: farar Hilux, riga mai tambari, taron bita a otal, alawus.

14/ A Jigawa kuma shirye-shiryen da Birtaniya ta ɗauki nauyi, irin su PATHS da PRRINN-MNCH, sun yi aiki da gwamnatin jiha. A 2007 aka yi dokar tsarin Gunduma, wanda ya haɗa ƙananan asibitoci da manyan asibitocin yanki ƙarƙashin hukuma ɗaya. A 2008 kuma ƙungiyar MSF ta fara aikin haihuwa da yoyon fitsari a babban asibitin Jahun.

15/ A shekarar 2008 ɗin dai aka fara wani abu da ya bambanta da sauran: shirin NFELTP, na horar da masu bin diddigin annoba. Shekara 2 ne, ana fita da mastas daga ABU Zariya ko Jami'ar Ibadan, amma mafi yawan lokacin a fagen aiki ake yin sa, ba a aji ba. Manufar ita ce masu lissafin su zama 'yan gida.

16/ Ba a daɗe ba aka ga amfaninsu. A 2010, da gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara, suna cikin masu binciken. A 2014 da Ebola ta shigo Legas, su suka bi sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, a watan Oktoba WHO ta ce an gama.

17/ Wanda ya jagoranci cibiyar yaƙi da Ebola, Dokta Faisal Shuaib, daga aikin shan-inna aka ɗauko shi, kuma salon cibiyar ma daga can aka aro. Daga baya ya shugabanci NPHCDA. Farfesa Muhammad Ali Pate ma ɗan ABU ne, ya yi aiki a Gambiya da Bankin Duniya kafin ya riƙe hukumar a 2008, ya zama minista a 2023.

18/ Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: su biyun likitoci ne. Suna da sana'a mai lasisi tukuna, sannan suka ɗora karatun lafiyar al'umma a kai. Mu da digirinmu na farko shi ne lafiyar al'umma, hanyarmu ba iri ɗaya ba ce. Mastas ba ya ba ka izinin taɓa mara lafiya, ko a Landan ka yo shi.

19/ Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Abin farin ciki ne, Alhamdulillah. Amma duk nasarar shiri tana nufin rage ma'aikatansa. Haka aka yi da kurkunu, wanda a 1988 aka ƙirga sama da mutum 650,000 da shi a Najeriya, a 2013 aka tabbatar babu shi. Cuta ta tafi, kwantiragi ya ƙare.

20/ A daidai lokacin nan ne jami'o'i suka yawaita. Jami'ar Tarayya ta Dutse 2011, Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa 2013, ga na Kano da Bauchi da masu zaman kansu, ga masu dawowa daga Sudan da Indiya da Yuganda. Masu takarda suna ƙaruwa, guraben da muke hange suna raguwa. Ba a faɗa mana wannan ranar rajista.

21/ Sai 20 ga Janairu 2025. Trump ya sa hannu kan dakatar da tallafin Amurka ga ƙasashen waje, da kuma ficewa daga WHO. A tsakiyar shekara aka rufe USAID. Birtaniya ma, da ta rage tallafinta daga kashi 0.7 zuwa 0.5 a 2021, ta ce za ta kai shi 0.3. Yayyenmu da yawa saƙon imel ɗaya ya zaunar da su a gida.

22/ Majalisa ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin 2025 don toshe giɓin. Yana da kyau, amma magani da allura za a fara saya, ba albashin jami'in shiri ba. Garki ce ta sake maimaituwa, sai dai wannan karon a faɗin ƙasa. Hausawa sun gama magana: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

23/ To mene ne gatarin? A duk tarihin nan, iri biyu ne suka tsira in shiri ya rufe. Na farko, mai lasisin da doka ta ce sai da shi: jami'in tsaftar muhalli, jikan duba-gari ke nan, da CHEW, da nas, da ungozoma, da masanin ɗakin gwaji. In kwas ɗinka yana kai wa ga rajista da wata majalisa, kar ka yi wasa da jarrabawarta.

24/ Na biyu, mai iya lissafi. Ina nufin wanda za a ba shi rajistar asibitoci 30 ya faɗa maka unguwar da ƙyanda za ta ɓulla. Excel da gaske, DHIS2 da gwamnati ke tara bayanan asibitoci a kai, Kobo ko ODK na tattara bayanai a waya, sannan R ko Stata. Yawancinsu kyauta ne, data kawai za su ci.

25/ Kuma aikin yana nan. Kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 27 na Jigawa tana da jami'in sa ido kan cututtuka. NCDC ta samu dokarta a 2018. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko. Albashin bai kai na ƙungiya ba, kam, amma ba ya ƙarewa da sa hannun wani a Washinton.

26/ Batun mastas: ba sai ka haye teku ba. A BUK akwai cibiyar ACEPHAP da Bankin Duniya ya tallafa, wadda Farfesa Hadiza Galadanci ta jagoranta. Tana cikin manyan masu binciken E-MOTIVE, wanda a 2023 ya nuna an rage mummunan zubar jini bayan haihuwa da kusan kashi 60. Wannan karon sunan 'yar gida yana kan takardar. Ku kwatanta da Garki.

27/ In waje kake so, Chevening na neman ka yi aiki shekara 2 kafin ka nema, kuma ka dawo gida bayan ka gama. NFELTP ma ya fi karkata ga waɗanda ke kan aiki. Ma'ana, tsalle daga bautar ƙasa kai tsaye zuwa mastas don gudun zaman gida ba shi ne dabara ba. Gara ka je da tambayar da ka gani da idonka.

28/ Tambayoyin kuma ga su nan a ƙofar gida. Tun 2012 WHO ta ba da shawarar ba yara maganin rigakafin maleriya duk wata a damina, ana kuma yi gida-gida a Jigawa. Jikan gwajin Garki ne. Yara nawa ke shanye kwana ukun? Me ya sa ambaliyar Haɗejiya da Auyo ke zuwa da amai da gudawa? Kowace ɗaya ta isa kundin mastas.

29/ Shawarata ga 'yan ajinmu da ƙannenmu: hutun nan ka je asibitin unguwarku ka roƙi a bar ka ka taimaka da rajista. In an zo rabon maganin damina ka shiga, amma ka tambayi ina fom ɗin ke zuwa bayan ka cike. 'Yan mata, ku aka fi buƙata, don ku ke shiga inda namiji ba ya shiga.

30/ Ban ce kar ka karɓi aikin ƙungiya in ya samu ba. Karɓa, Allah Ya sa albarka. Amma tun ranar farko ka tambayi yaushe shirin zai rufe, ka kuma san me za ka fita da shi ban da katin wuya. Mutanen Garki da Gumel, in akwai dattijon da ya yi aikin 1970 ɗin nan a gidanku, don Allah ku yi min magana. Ina so a rubuta sunayensu.