Mala'ikun Ƙarshen Disamba: Ƴan Sa Kai da Taron Ƴan Dandatsa na Jamus

Duk shekara, daga ranar 27 zuwa 30 ga Disamba, lokacin da Jamusawa suka gama bikin Kirsimeti suna jiran sabuwar shekara, makarantu a rufe, ofisoshi babu kowa, akwai dubban mutane da ke barin ɗumin gidajensu su tafi wani katafaren zauren taro su yi kwana huɗu a tsakiyar wayoyi da kwamfutoci. Taron ƙungiyar Chaos Computer Club ke nan, wanda ake kira Chaos Communication Congress, ɗaya daga cikin manyan tarukan ƴan dandatsa na duniya. Jaridu kan kawo labarin abin da aka tona a kan dandamali. A 2014, alal misali, wani mai bincike ya nuna yadda ya kwafi zanen yatsan ministar tsaron Jamus ta lokacin, Ursula von der Leyen, daga hotunan da aka ɗauke ta a bainar jama'a. Irin wannan labari shi ke yawo. Ni kuwa wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda ya shimfiɗa wayar da muryar mai binciken ta bi, da wanda ya tsaya tsaron ƙofa da ƙarfe uku na dare, da wanda ya kwashe kwalabe. Ba a biyan ko ɗaya daga cikinsu, kuma tarihin taron, idan an duba da kyau, tarihinsu ne.

Sai na fara gyara wata kalma. A bakinmu ɗan dandatsa ɓarawo ne, mai kutsawa cikin asusun mutane ya kwashe kuɗi. Ƴan wannan ƙungiya ba haka suke nufi ba. A wurinsu ɗan dandatsa shi ne mutumin da ba ya yarda a miƙa masa na'ura a rufe a ce ya yi amfani da ita kurum. Sai ya buɗe ta, ya ga yadda take aiki, in akwai ɓaraka ya faɗa wa duniya. Ya fi kama da mai gyaran rediyo na bakin kasuwa wanda ke kwance sabuwar rediyo don kawai ya san cikinta.

An kafa ƙungiyar ranar 12 ga Satumba 1981 a Berlin ta Yamma, a ofishin jaridar die tageszeitung, kuma sunan da ya fi fitowa cikin waɗanda suka kafa ta shi ne Wau Holland, wanda ya rasu a 2001. Abin da ya fito da ita fili ya faru ne a Nuwamba 1984. Hukumar gidan waya ta Jamus, wadda ke riƙe da tarho a lokacin, tana da wani tsarin sadarwa mai suna Btx, tana bugun ƙirji cewa babu mai iya kutsa shi. Holland da Steffen Wernéry suka yi amfani da asusun wani bankin ajiya na Hamburg, suka sa shi yana ta buɗe wani shafin ƙungiyar da ake biya, mak 9.97 kowace buɗewa, har dare ya raba gari ya waye kuɗin ya haura mak 134,000. Ba su riƙe kuɗin ba. Ƴan jarida suka kira suka nuna musu. A ƙarshen wannan shekarar aka yi taro na farko, a wani zauren jama'a na unguwar Eidelstedt a Hamburg.

Taro ne na mutanen da galibinsu sun san juna. A irin wannan wuri ba a bukatar wani tsari na musamman: wanda ya zo da wuri ya jera kujeru, wanda ya iya wayar wuta ya ja wuta, wanda ya rage a ƙarshe ya yi shara. Babu wanda zai kira wannan aikin sa kai, don babu wani aiki na daban da ake biya balle a bambanta. Abin sha'awa shi ne wannan ɗabi'a ta ƙaramin zaure ba ta mutu ba da taron ya girma, ko da yake girman ya sha neman kashe ta.

A 1998 taron ya koma Berlin, daga 2003 kuma ya zauna a wani zauren taro da ke dandalin Alexanderplatz, a 2005 aka mai da shi kwana huɗu. Zauren na Berlin ya yi kaɗan. Tikiti ya riƙa ƙarewa da zarar an fara sayarwa, waɗanda suka shekara goma suna zuwa suka fara rasa wurin shiga. Don haka a 2012 aka koma Hamburg, babban zauren taron birnin, inda mutane kusan 6,000 suka hallara. Shekarar da ta biyo, wadda Edward Snowden ya fallasa leƙen asirin da Amurka ke yi wa sadarwar duniya, adadin ya kai kusan 9,000. Da aka rufe zauren Hamburg don gyara, sai aka tafi filin baje kolin Leipzig a 2017, inda a 2019 aka kai wajen mutum 17,000. Daga zauren unguwa zuwa ƙaramin gari ke nan.

To wa ke riƙe da wannan gari na kwana huɗu? Sunan da suka ba ƴan sa kai shi ne Engel, wato mala'iku. Mai karatu kada ya ɗauka akwai addini a ciki. Raha ce irin tasu, kuma sun bi rahar har ƙarshe, don ɗakin da ƴan aikin ke taruwa su ci abinci su huta sunansa Himmel, wato sama, masu kula da su kuma manyan mala'iku. Dubbai ne ke yin rajista a manyan tarukan baya-bayan nan. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne mala'ikan ma sai ya sayi tikitinsa da kuɗinsa kamar kowa. Ba a ba shi rangwame don zai yi aiki. Abin da yake samu shi ne abinci mai zafi, da ruwan sha, da riga idan ya cika wasu sa'o'i, da damar sayen tikitin baɗi kafin a buɗe wa kowa. A ganina wannan ƙa'ida ita ce ginshiƙin komai. Da a ce aiki na sayen shiga, da taron ya rabu gida biyu, masu kuɗi suna zaune suna sauraro, marasa kuɗi suna yi musu hidima. Tunda kowa ya biya, wanda ke duba igiyar hannunka a ƙofa yana iya zama shi ne zai hau dandamali da yamma, kuma babu wanda ke da bakin da zai yi masa tsawa a matsayin mai gida ga yaronsa.

Sai dai mutum dubu ba sa jera kujeru da kansu yadda mutum hamsin ke yi. Ƙungiyar da ta sa wa kanta suna hargitsi, don ma'anar Chaos ke nan, dole ta rubuta manhajar rabon aiki, Engelsystem, wadda ta sake ta kyauta har wasu taruka ke amfani da ita. Mutum ya yi rajista, ya zaɓi irin aikin da zai iya, ya ga jadawali, ya ɗauki zango, galibi na sa'a biyu. Zangon tsakar dare ana ninka lissafinsa, don babu mai ɗokinsa. Wasu ayyukan kowa na iya ɗauka: tsaron ƙofa, kula da yawan masu shiga zaure don kada a karya dokar kashe gobara, ajiyar rigunan sanyi, kwashe shara. Wasu kuwa sai an halarci horo ko an nuna takarda, kamar riƙe kyamara, da gabatar da mai jawabi, da aikin tawagar agajin gaggawa, wadda likitoci da ma'aikatan jinya da ƴan kwana-kwana ke yi a cikin hutunsu.

Kwalabe sun cancanci a ɗan tsaya a kansu. Abin shan taron shi ne Club-Mate, wani lemo mai hana barci, kuma a Jamus kwalba na da kuɗin jingina, sai an mai da ita a karɓa. Mutum dubu goma sha wani abu suna sha dare da rana, ka ga kwalba ta zama babban al'amari. Akwai tawaga guda da aikinta ke nan: ajiye akwatuna a lunguna, zagayawa da amalanke, rarrabe kwalabe, lodi. Injiniyan da kamfani ke biya albashi mai tsoka sai ka same shi yana tura amalanken kwalabe, kuma ba ya jin an rage masa daraja.

Shirye-shiryen kuwa tun kafin sanyi ya kankama suke farawa. Ana fitar da kira ga masu son yin jawabi, ƙananan kwamitoci na sa kai su karanta ɗaruruwan takardu su zaɓa, sannan a fitar da jadawalin da suke kira Fahrplan, kalmar da Bajamushe ke amfani da ita ga jadawalin jirgin ƙasa. Ƙungiyoyin garuruwa daban-daban suna neman fili a zauren, inda za su kafa tebura da fitilu da injinansu. Tikitin ma an yi masa dabara: ana fara raba takardun izinin saye ga waɗanda suka yi aiki bara da rassan ƙungiyar, akwai farashi mai tsada ga mai hali da ke son tallafawa, akwai kuma hanyar da marar hali zai rubuto a sassauta masa.

Daga tsakiyar Disamba ake shiga zauren. Nan ne aikin ƙarfi yake, kuma nan ne babu ƴan kallo. Tawagar sadarwa na jan wayoyi a ƙarƙashin daɓe da saman rufi, tana kafa na'urorin da kamfanoni suka ba da aro, ta haɗa taron da intanet mai ƙarfin da ya kai gigabit 100 a daƙiƙa tun a 2013; har ya zama abin dariya a tsakaninsu cewa roƙon mahalarta suke yi su ƙara amfani da shi. Wata tawagar na kafa layin tarho na cikin gida, mutum ya zo da tsohuwar wayar gida marar igiya ya zaɓi gajeriyar lamba, kuma da wannan layin ake kiran mala'iku idan an rasa hannu a wani wuri. Tawagar bidiyo na watsa jawabai kai tsaye, ta ajiye su a shafin ƙungiyar kyauta. Wasu kuma na zaune a ɗan akurki suna tafinta tsakanin Jamusanci da Ingilishi, wani lokaci har da Faransanci. Saboda waɗannan ne ɗalibi a Yamai ko Garwa ko Kumasi, wanda ba shi da biza ba shi da kuɗin jirgi, zai iya sauke jawabin ya saurara. Ba duk aikin ne na dole ba: a 2013 wasu sun shimfiɗa bututan roba a cikin zauren suka haɗa su da injin zuƙe ƙura, ana aika saƙo a cikin ƴan gwangwanaye, don kawai sun ga za su iya.

Bahaushe zai ce ai wannan gayya ce, kuma akwai kama: a taru a yi aikin da mutum ɗaya ba zai iya ba, a ci abinci tare, ba a maganar lada. Amma gayya tana da mai gona, amfanin kuma rumbunsa zai shiga, kai ma kana jiran ranar da za a zo taka. A nan babu mai gona. Ƙungiyar na da rajista a hukumance tun 1986, akwai kamfanin da ta kafa don sa hannu a kan yarjejeniyar haya da inshora, amma abin da aka noma a kwana huɗun nan a wurin ake cinye shi, masu noman su ne masu ci.

Ba zan ce tsarin ba shi da aibi ba. Wanda zai ba da mako biyu na Disamba kyauta, ya biya masauki a Hamburg, dole yana da abin da ya dogara da shi. Uwa mai ƙananan yara ko mai aikin yini ba kasafai za su iya ba. Akwai kuma masu kashe kansu da aiki, har taron ya yi wa mahalarta ƙa'idar da ake ta maimaitawa: barcin sa'a shida, abinci sau biyu, wanka sau ɗaya, kowace rana. Sannan ayyukan da suka fi nauyi, irin na sadarwa da jigilar kaya, sun rataya ne a wuyan mutane kaɗan da suka daɗe suna yi, waɗanda abin da suka sani ba ya cikin kowace manhaja. Annobar korona ta gwada wannan. A 2020 da 2021 ta intanet aka yi taron, a 2022 aka rarraba shi ƙanana a garuruwa, sai a 2023 aka dawo zauren Hamburg da aka gyara. Shekara huɗu ke nan tsakanin haɗuwar Leipzig ta ƙarshe da wannan, kuma a cikinsu wasu tsofaffin hannu sun yi aure, sun haihu, sun canza gari, sababbi kuma ba su taɓa ganin yadda ake kafa zaure daga daɓe ba.

Ranar 30 ga Disamba da yamma ake jawabin rufewa. Kafin nan tawagogin kan hau dandamali ɗaya bayan ɗaya su ba da rahoton abin da suka yi, yawan wayar da aka ja, yawan kiran da aka buga, abin da ya lalace da yadda aka gyara, kuma wannan zama na cikin waɗanda zaure ke cika. Ana gama tafi sai a fara naɗe wayoyi. Mafi yawan mutane na hanzarin kama jirgin ƙasa don su yi sabuwar shekara a gida. Waɗanda suka rage su ne ke kwance tebura, su ƙirga na'urorin aro a mai da wa masu su, su ɓamɓare salatif daga daɓe, su loda manyan motoci, aikin da kan kai su har cikin kwanakin farko na Janairu.