Mbari: Gidan Zane-zanen Da Aka Buɗe A Tsakiyar Kasuwa



Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin shirya taron marubuta ya san inda gizo ke saƙa. Da an gama tsayar da rana da maudu'i, sai a zo kan tambayoyi biyu: a ina za a yi, kuma wa zai biya? Daga nan sai a buga wasiƙu, a bi ofis-ofis da shago-shago, a dawo da alƙawura cike da aljihu. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin wasu marubuta da masu zane da suka yi karo da tambayoyin nan fiye da shekara sittin da suka wuce, a Ibadan da Oshogbo. Sun buɗe gidajen baje kolin zane-zane guda biyu masu kusan suna ɗaya, amma yadda kowanne ya zauna da 'yan kasuwa da masu sana'ar garinsa ya bambanta, kuma ƙarshensu ma bai zo ɗaya ba.

A shekarar 1961, Nijeriya ba ta daɗe da samun 'yanci ba, wasu matasa suka kafa ƙungiyar marubuta da masu zane a Ibadan. A cikinsu akwai Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo, da Ezekiel Mphahlele ɗan Afirka ta Kudu wanda mulkin wariyar launin fata ya raba shi da ƙasarsa, shi ne ma shugabanta na farko. Akwai kuma Ulli Beier, Bajamushen da ya zo Nijeriya a 1950 ya kama aiki da kwalejin jami'a ta Ibadan, wanda tun 1957 yake fitar da mujallar adabi mai suna Black Orpheus. Chinua Achebe ne ya ba ƙungiyar suna Mbari. A ƙasar Ibo, wajen Owerri, mbari wani gini ne na laka da mutanen gari suke haɗuwa su yi, su cika shi da siffofi, in an gama a bar shi ruwa da rana su cinye. Achebe ɗin nan dai shi ne ya jagoranci kafa ƙungiyar marubuta ta ƙasa, ANA, a 1981, don haka mu ma muna da ɗan gado a cikin labarin.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne wurin da suka zaɓa. Mafi yawansu 'yan jami'a ne, kuma da sun nemi ɗaki a jami'a da wuya a hana su. Sai suka tafi kasuwar Dugbe, tsakiyar hada-hadar Ibadan, suka karɓi wani tsohon gidan cin abinci na wani ɗan Labanon, irin waɗanda muke kira Kwara a Kano. Ɗakunan suka zama ɗakin karatu da ofis da wurin rataye zane, tsakar gidan kuma ta zama dandalin wasan kwaikwayo. Masu zanen da suka ƙawata bangon, Uche Okeke da Demas Nwoko, daga Zariya suka fito, daga kwalejin da ta koma Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Shi Okeke ma a Kafanchan ya tashi.

A cikin 'yan shekaru wannan gida ya yi abin da manyan hukumomi ba su yi ba. Ya baje ayyukan Ibrahim El-Salahi na Sudan, da Malangatana na Mozambik, da Vincent Kofi na Gana, da Jacob Lawrence baƙar fatar Amurka. Ya buga wasan Clark mai suna Song of a Goat, da kundin waƙoƙin Okigbo na farko, Heavensgate, a 1962, da A Walk in the Night na Alex La Guma a shekarar dai, lokacin da babu mai iya buga irinsa a Afirka ta Kudu. Marubucin da ya zo sauraren karatu yana zaune zane na kallonsa daga bango, mai zanen da ya zo rataye aikinsa ya tafi da kwangilar zana bangon littafi. Irin wannan cuɗanya ita ce muka rasa a tarukanmu na yau, inda marubuta ke gefe guda, masu zane da masu ɗaukar hoto ke wani gefen, ba a haɗuwa sai an zo neman mai yin bangon littafi da arha.

To amma wa yake biya? Ba 'yan kasuwar Dugbe ba. Kasuwar ta ba su wuri da maƙwabta, amma kuɗin haya da na ɗab'i daga Faris suke zuwa, daga wata ƙungiya mai suna Congress for Cultural Freedom, wadda Mphahlele ya koma yi wa aiki a matsayin mai kula da sashen Afirka. Harshen gidan kuma Turanci ne. Mai sayar da atamfa a ƙofa na iya leƙowa, amma ba da shi ake magana ba. Gidan yana cikin kasuwa, cikinsa kuwa jami'a ce ta yi ƙaura.

Na biyun a Oshogbo ya tashi, kuma daga wani ɗan gari ya fito. Duro Ladipo malamin makarantar mishan ne mai son kiɗa. A 1960 ya shigar da gangunan bata na Yarbawa cikin waƙoƙin Ista da ya tsara wa cocinsu, mutanen coci suka ga ya yi abin kunya, dole ya nemi wani wurin da zai kai kiɗansa. Yana da wata mashaya a gidansu da ake kira Popular Bar. Da ya ga abin da ake yi a Ibadan, sai ya ce shi ma garinsu ya cancanci irinsa, kuma Beier da ke zaune a Oshogbo a lokacin ya mara masa baya. Aka gyara mashayar ta zama wurin baje zane, tsakar gida ta zama dandali. (Ba muna cewa a je a nemi mashaya ba, jama'a. Abin lura shi ne mai sana'a ne ya ba da wurin sana'arsa, wurin da ƙafar mutane ta riga ta saba da shi.)

Mutanen gari ba su san kalmar Ibo ba, sai suka ji ta da kunnen Yarbanci, suka mayar da ita Mbari Mbayo, ma'ana kusan "in na gani, zan yi murna". Sunan ya zauna. An buɗe gidan a 1962 da wasan Ladipo na farko, Oba Moro, da Yarbanci, da kiɗa da rawa. Da ya cika shekara aka yi Oba Koso, labarin Sango sarkin Oyo, wasan da aka kai Balin a 1964, aka kai Birtaniya a 1965 wurin bikin fasaha na ƙasashen renon Ingila. Sarakuna irin su Ataoja na Oshogbo da Timi na Ede sukan halarci gidan, matan kasuwa da yaran unguwa ma haka, domin harshen da ake yi nasu ne, labaran kuma na kakanninsu ne.

Inda labarin ya fi daɗi shi ne wajen mutanen da suka zama masu zanen gidan. An shirya bitoci na 'yan kwanaki, Denis Williams ɗan ƙasar Guyana ya jagoranci na farko-farko, Georgina Beier ta jagoranci na 1964. Ba a tambayi kowa takardar makaranta ba. An ajiye fenti da takarda, aka ce duk mai so ya shigo. Jacob Afolabi mai sayar da abin sha ne a mashayar. Muraina Oyelami da Rufus Ogundele da Adebisi Fabunmi 'yan wasan Ladipo ne. Jimoh Buraimoh mai gyaran lantarki ne, shi ke kula da fitilun dandali, daga baya ya shahara da zanen da ake jera duwatsun ado a kansa, dabarar da ya ɗauko daga rawanin sarakunan Yarbawa. Twins Seven-Seven kuwa rawa yake yi wa masu tallar magani gari-gari don tara musu jama'a, ya faɗo gidan a 1964 yana rawa, aka riƙe shi. Wannan yaron mai tallar magani shi ne hukumar UNESCO ta naɗa jakadan zaman lafiya ta fuskar fasaha a 2005.

Akwai wasu biyu da ba ta hanyar bita suka shigo ba, da sana'arsu suka zo. Asiru Olatunde ɗan gidan maƙera ne da rashin lafiya ta hana shi aikin ƙira mai nauyi. Ya koma yin 'yan kunne da ƙananan siffofin dabbobi, aka ƙarfafa masa gwiwa ya faɗaɗa, har ya kai ga buga labarai a jikin manyan farantan alminiyam da guduma da ƙusa. Adebisi Akanji kuma birkila ne. Ya fara yin katangar siminti mai huda-huda da siffofin mutane da dabbobi, kuma ɗaya daga cikin ayyukansa da suka yi suna a gidan man Esso na garin ya yi shi. A ganinmu wannan gidan mai ya fi kowane babban baƙo amfani a tarihin nan. Bai zo taro ya yi jawabi ya sanar da gudummawa ba. Ya ba magini aiki irin na sana'arsa, ya ba shi bango a bakin titi, duk direban da ya tsaya shan mai ya ga baje koli ba tare da an aika masa katin gayyata ba. Shi kuma gidan man ya zama abin kwatance.

Kada mu yi wa tarihin kwalliyar da ba tasa ba. Oshogbo ma ta ci kuɗin waje ta hannun Beier, kuma yawancin masu sayen zanen Turawa ne mazauna Legas da baƙi masu yawon buɗe ido. An daɗe ana sukar cewa ɗanɗanon waɗannan masu saye ya juya hannun wasu daga cikin masu zanen, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Bambancin dai shi ne a Oshogbo ginin na ɗan gari ne, ma'aikatan 'yan gari ne, kowannensu kuma yana da abin da zai ci gaba da sayarwa ko da tallafi ya yanke.

Ya kuwa yanke. A 1966 da 1967 jaridun Amurka suka tona cewa hukumar leƙen asiri ta CIA ce ke zuba wa waccan ƙungiya ta Faris kuɗi ta bayan gida, cikin yaƙin cacar bakin da ake yi da Tarayyar Sobiyat. Marubutan Afirka da dama da suka amfana sun ce ba su san tushen kuɗin ba, kuma littattafan da aka buga ba su lalace don haka ba, amma tambayar ta manne wa sunan Mbari har yau. Sai ga yaƙin basasa. Okigbo ya mutu a fagen daga kusa da Nsukka a 1967, aka tsare Soyinka daga 1967 zuwa 1969, Beier da Georgina suka bar ƙasar suka nufi Papua New Guinea. Gidan Dugbe bai sake komawa yadda yake ba.

Mu a nan Arewa ba baƙi ba ne ga zaman adabi da kasuwa. Littattafan da suka cika Kano daga ƙarshen shekarun 1980, na ƙungiyoyi irin su Raina Kama inda su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suke, ba da tallafin wata gidauniya suka yaɗu ba. Masu shagunan littattafai ne suka saya suka rarraba, masu bayar da haya suka kai su lungu-lungu, har aka laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano da nufin raini. Abin mamaki, da muka zo shirya taruka sai muka manta da wannan. Ɗan kasuwa a wurinmu ya zama babban mai ƙaddamarwa kawai: a sa sunansa a kati, a zaunar da shi a babban tebur, a jira ya faɗi adadi, sannan a yi wata uku ana bin yaronsa. Ba kasafai muke tunanin mai gidan abincin da zaurensa ke zama fayau tsakanin la'asar da magariba ba, ko mai ɗab'in da zai so a ga ingancin aikinsa a bango, ko marinin Ƙofar Mata da baduku da mai ɗinkin hula waɗanda aikinsu zai cika ɗakin baje koli, su kuma su samu masu saye daga cikin waɗanda suka zo jin gajeren labari. Waɗannan in sun shigo taro da kayansu, da jama'arsu suke zuwa, kuma su ne za su fara tambayar yaushe za a sake. Wasiƙar da za a kai musu ma daban ce: a faɗa musu wurin da za su ajiye kaya, da yawan mutanen da ake sa rai, da abin da za su ɗauka na ɗawainiya.

A Oshogbo, Ladipo ya ci gaba da wasanninsa har rasuwarsa a 1978. Masu zanen suka buɗe nasu wuraren, suka ɗauki almajirai. Nike Davies-Okundaye, wadda ta zauna a gidan Twins Seven-Seven a matsayin matarsa kafin su rabu, ta buɗe cibiyar koyar da rini da saƙa da zane a garin a 1983, daga baya ta gina katafaren gidan baje koli a Lekki da ke Legas. Akanji birkila kuwa ya shafe shekaru yana aikin siminti tare da Susanne Wenger a kurmin Osun da ke bakin garin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005.