Wuta da Ƙuna a Ƙasar Magarya da Dungas

Gundumomin Magarya da Dungas suna kudancin jihar Damagaram ta Nijar, kan iyaka da Katsina da Jigawa. Gunduma ɗaya ce har shekarar 2011, lokacin da aka ba Dungas tata. Ƙasar manoman gero da gyaɗa ce, kuma tun zamanin sarautun Sosebaki irin su Dungas da Waca, kafin Damagaram ta shimfiɗa ikonta a kansu a ƙarni na 19, da abin da gona da daji ke bayarwa talaka yake gina gidansa: dangar kara, zana, jinka, rumbu. Dukkansu abincin wuta ne, musamman a hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da komai ya bushe, iska na kaɗawa, kowa kuma yana neman jin ɗumi.

Mutanen dā sun san wannan haɗari, kuma sun yi masa tanadi. A ƙauyuka da yawa akan jera rumbuna a gefen gari, nesa da ɗakunan kwana, domin in gobara ta ci gida kada ta haɗa da abincin shekara. Akan ware wurin girki. Yarinya kan tashi da sanin cewa ba a barin garwashi a murhu a kwanta, ba a kuma zubar da toka sai an tabbatar ta mutu. In iska ta tsananta, mai gari kan sa a yi shela a kula da wuta. Wayar da kan jama'a ke nan tun kafin a raɗa masa wannan suna.

Maganin ƙuna kuwa a hannun maƙera aka san shi. Jama'a sun ɗauka cewa mai sarrafa jan ƙarfe yana da asirin wuta, kuma wasan da maƙera ke yi da garwashi a bukukuwa ya ƙarfafa wannan imani. Wanda ya ƙone akan kai shi maƙera a yi masa tofi, a shafa masa abin da aka gada. A gida ma akwai na gaggawa: ɗanyen ƙwai, gishiri, man kaɗe, gashin zomo. Daga baya zamani ya ƙara nasa, wato man goge baki da baƙin mai na inji. Nufin masu yi alheri ne, amma yawancin waɗannan abubuwa riƙe zafi suke yi a jikin fata, su kuma shigar da datti cikin ciwo, ƙaramar ƙuna ta zama gyambo.

Mafi yawan ƙuna a cikin gida take faruwa, ba a gobara ba. Murhun duwatsu uku a ƙasa yake, daidai tsayin yaro mai rarrafe, kuma tukunyar kunu ko kaskon tuyar ƙosai ba su da wuyar kifewa. Mai farfaɗiya na iya faɗawa wuta mutane su tsaya nesa, saboda camfin cewa taɓa shi na sa a ɗauki cutar, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta. Akwai kuma wankan jego, inda mai jego ke wanka da ruwa mai tsananin zafi na kwana arba'in ko fiye, a wasu wurare har da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun yi rubutu a kan wannan al'ada tun shekarun 1970, saboda alaƙarta da ciwon zuciya bayan haihuwa, daga baya kuma saboda ƙunar da take jawowa.

A ƙarni na 20 wutar kanta ta canza. Kananzir ya shigo da acibalbal da fitilar ƙwai da risho. Sannan fetur ya zo, kuma kusancin iyaka ya mai da shi sana'a. An yi shekara da shekaru man Najeriya mai arha yana tsallakowa cikin jarkoki, ana sayar da shi a kwalabe bakin hanya, abin da ake kira ruwa-ruwa, ana kuma ajiye shi a zaure, wani lokaci har a ɗakin kwana. Da aka buɗe matatar Soraz a arewacin birnin Damagaram a 2011, tukunyar gas ta ƙara yaɗuwa a garuruwa. Dokokin da aka gada domin wutar itace aka yi su. Fetur kuwa tururinsa ne ke kamawa, daga nesa ma, kuma watsa masa ruwa baza shi yake yi. Sai yashi, ko a rufe shi da abu mai kauri.

Manyan masifun baya-bayan nan sun nuna girman haɗarin. A watan Mayun 2019 tankar mai ta fashe kusa da filin jirgin saman Yamai, ta kashe sama da mutum 55 cikin masu ɗibar man da ya zube. Irin haka ta faru a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa, a Oktoban 2024, inda aka rasa fiye da mutum 150. A 2021 kuma gobara ta ci azuzuwan zana a Yamai cikin Afrilu, yara 20 suka rasu, sai a Maraɗi cikin Nuwamba, inda aka rasa aƙalla 25, abin da ya sa gwamnatin Nijar ta hana sanya 'yan rainon makaranta a irin waɗannan azuzuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe kimanin mutum 180,000 a shekara, galibi a ƙasashe marasa ƙarfi.

Hanyoyin isar da saƙo a yau su ne mai gari da liman, rediyo, da masu aikin sa kai na kiwon lafiya da ke shiga gida-gida. Saƙon kuwa gajere ne, kuma ya kamata maƙeri da ungozoma su zama cikin masu ɗaukarsa, tunda su ake fara nema. A kewaye murhu ko a ɗaga shi, a raba fetur da ɗakin kwana, a gwada ruwan jego da gwiwar hannu. Wanda tufarsa ta kama kada ya gudu, ya faɗi ƙasa ya yi birgima, a rufe shi da bargo. A riƙa zuba wa ƙuna ruwa mai tsabta, mai sanyi amma ba ƙanƙara ba, na kimanin minti 20, a cire zobe da warwaro kafin wurin ya kumbura, kada a fasa bororo, a rufe da tsabtataccen ƙyalle ba tare da shafa komai ba.

Ƙunar jariri, da ta fuska ko hannu ko al'aura, da duk wadda ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ta asibiti ce a ranar. Tun 2006 Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara tallafa wa kula da yara a Magarya tun 2005. Ƙuna mai tsanani akan tura ta babban asibitin ƙasa da ke Damagaram.