DOGON YARO BAƘO NE A GARINMU

'Yar uwa, idan kika leƙa ƙofar gida a Ƙaura Namoda, ko Shinkafi ko Zurmi, itacen da idonki zai fara cin karo da shi dogon yaro ne, wanda Kanawa ke kira darbejiya. Yaran yanzu gani suke tun kaka da kakanni muke tare da shi. To ba haka ba ne. Lokacin da Muhammadu Namoda ya kafa Ƙaura a zamanin jihadin Shehu Usmanu, babu ko tushe ɗaya nasa a ƙasar nan.

Asalinsa ɗan Indiya ne. Turawan mulkin mallaka suka kawo shi, aka fara dasa shi a Borno a 1928, shekara guda kafin jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929. Sannu a hankali ya bi bakin hanya da makarantu da ofisoshin En'e, don yana jure ƙishirwa, ga saurin girma. Bayan farin 1973 kuwa sai gwamnati ta ƙara ƙaimi wajen dasa shi don tare hamada.

Kafin zuwansa inuwarmu tsamiya ce da kuka da ɗorawa, kuma kowacce tana da hannu a tukunyar uwargida: miyar kuka, kunun tsamiya, daddawar kalwa. Shi baƙon namu inuwa yake bayarwa da asuwaki da ganyen sirace, amma ko kin tara 'ya'yansa kwando guda ba za su kaɗa miki miya ba. Laifin namu itatuwan dai ɗaya ne, nawar girma, mai dashe kuwa ba shi da haƙuri. Haka muka wayi gari muna sayen abin da dā ake tsinka a bayan gida.

Sai batun lafiya. Da bazara dogon yaro kan fitar da farin fure mai ƙamshi, kuma garin furen yakan sa wasu atishawa da ƙaiƙayin ido, musamman mai asma. Kodayake kada a ɗora masa duka, ƙurar hunturu da furen ciyawa ma suna nasu aikin. Ita kuka da dare furenta ke buɗewa, jemagu ne ke ɗaukar garinsa, ba iska ba. Don haka in kina da yaro mai ciwon ƙirji, ki roƙi maigida a dasa dogon yaron nesa da tagar ɗaki. Tumfafiyar da ke tsirowa a kangon maƙwabta kuma a tuge ta, farin ruwanta in ya shiga idon yaro sai an kai shi asibiti.